Waken da na soka da hannuna

Buhu ɗari na wake na ajiye a shekarar nan. Babu na kowa a ciki, nawa ne ni kaɗai, kuma in ka cire gidan da nake zaune a unguwar Maamobi, nan Ankara babban birnin ƙasarmu, su ne duk abin da na mallaka. Na saye su a arewa bayan kaka, lokacin da manomi ke neman mai karɓa, da niyyar in riƙe su wata huɗu har azumi ya kama. A azumi kowace mai ƙosai da mai wache, wato shinkafa da wake, a unguwar Nima neman wake take yi ido rufe. Sana'ata ke nan, in saya da araha, in jira, in sayar. Abin da ke iya ɓata mini wannan jira abu ɗaya ne, ƙwaro.

Da dako na fara a kasuwar Agbogbloshie, ina sauke doya daga motocin arewa. Daga nan na koma awo da olonka, gwangwanin da muke auna hatsi da shi, a bakin titi, har Allah ya sa na kama sito a Kawukudi. Fiye da shekara ashirin ina harkar wake, kuma duk tsawon lokacin hanya ɗaya na sani ta hana ƙwaro. Akwai wata ƙwayar magani da muke naɗewa a tsumma mu cusa a tsakiyar buhu. Tana aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma in ka buɗe sito da safe sai ka ja da baya, ido na ƙaiƙayi, maƙogwaro na ɗaci. Zan faɗi gaskiya kuma: buhun da nake kai wa gida ba na sa masa.

A shekarar ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan hatsi ya kawo mini wata yarinya 'yar Tamale, daga cikin masu bincike kan noma da ajiyar abinci. Hausar zangon garinsu take yi, ga ladabi, ga jaka cike da takardu. Ta shimfiɗa wani buhu a gabana. Daga waje buhu ne irin namu na saƙa, amma a ciki akwai leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya.

"Baba, za ka zuba wake a ta ciki, ka matse iska, ka ɗaure," in ji ta. "Ka ɗaure ta biyu daban, ka ɗaure na waje daban. Ƙwaro ma numfashi yake yi. In iska ta ƙare masa, shi da ƙwansa duk mutuwa za su yi."

"Ba magani?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

Ta ce sun gwada wa manoma a arewa ya yi kyau, yanzu suna son su gani ko zai yi wa 'yan kasuwa a birni. Abin da suka samu za su kai wa masu tsara dokokin abinci, don a duba ko za a sauƙaƙa kuɗin buhun, a kuma taƙaita maganin. Ni wannan bai dame ni ba. Abin da na ji shi ne buhu sittin za ta ba ni kyauta. Na ce mata ni ba na wasa da jarina, maganina ya ishe ni.

Ta ce, "Baba, wanda aka sa wa maganin, shi kuke ci a gida?"

Na dube ta, ta dube ni. Na ce ta kawo sittin ɗin.

Arba'in na bari a tsohuwar hanya, don ban taɓa zuba duk kayana a abin da ban sani ba. Sittin kuwa muka yi kwana biyu muna juyewa da ɗaurewa. Ta ja mini kunne kan ɓera, ta sa na sayi tarko, ta sa aka bi katakon da za mu ɗora buhunan a kai aka buge duk ƙusar da ta leƙo. Ta ce abu ɗaya ledar ba ta so shi ne huji. Na ce na ji. Kuma wallahi na ji. Muka jera su layi uku, na baya buhu goma sha takwas a manne da bango, inda hannu ba ya kaiwa sai an janye na gaba.

Maƙwabcina a sito wani Bazabarme ne mai albasa, mun tsufa tare muna tsokanar juna. Yana tsaye yana kallo.

"Alhaji na boko!" in ji shi. "Yau wake ya sa riga uku, ni ɗaya gare ni. In ya gama makaranta ka ce ya koya mini Turanci."

"Kai da albasarka ke ruɓewa tun a mota, ka rufe mini baki."

Yanzu sai in faɗi yadda muke duba kaya, don wanda ba ɗan kasuwar hatsi ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Kowane dillalin hatsi yana da wani ƙarfe mai tsini, mai rami a ciki kamar bututu, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Mu ƙarfe kawai muke ce masa. Ka soka shi a cikin buhu, 'yan ƙwayoyi su gangaro tafin hannunka, ka duba, ka ciza. In ka zare, sai ka goga bakinsa a wurin sau biyu, zaren buhun ya koma ya haɗe kamar ba a taɓa ba. Ba a kwance buhu, ba a zubar da komai. Na yi wannan sau dubu nawa, ban sani ba. A wurinmu wannan ba huda buhu ba ne, dubawa ce. Huji shi ne abin da ɓera ya yi, ko ƙusa, wanda wake ke zuba ta ciki. Ko a mafarki ban haɗa maganar yarinyar da ƙarfena ba.

Kuma ba a hana mai saye sukar buhu. Duk dillalin da ya ce kada a soka, to ya faɗa wa kasuwa cewa akwai tsakuwa ko ruɓaɓɓe a tsakiya. Zagi ne ga mai saye, abin kunya ne ga mai kaya.

Duk Juma'a in na taso daga masallaci sai in biya sito in duba kayana. Da yake sabon abu ne kuma hankalina bai kwanta da shi ba, na fi duba na ledar a kan na maganin. In soka sama, in soka ƙasa, in soka gefe. Wake ya fito fari tas, ba wari. In goge wurin, in ce Alhamdulillahi, in wuce na gaba.

Akwai wata Hajiya mai wache a kasuwar Nima, shekara goma sha biyar tana saye a wurina. Kowa Maame yake ce mata. Ita ce kan zo da wuri ta kama buhunan azuminta, sauran mata su biyo bayanta. Ta shigo tana haki, ta zauna a kan buhu.

"Alaji, na ji an ce ka yi sabon wake ba shi da magani. Kawo ƙarfe."

Na miƙa mata. Ta soka, ta shinshina, ta ciza.

"Ei! Wannan ba ya wari. Ka ajiye mini goma. A'a, tsaya, in duba wancan. Ku maza, na gaba mai kyau, na baya shara."

"Maame, shekara nawa ina cutar ki?"

"Ba ka samu hanya ba ne."

Ta bi layin gaba kaf tana suka. Labari ya bazu, mata suka riƙa zuwa ganin waken da ba ya wari, kowace da hannunta take son ta gani. Ni kuwa daɗi nake ji, don tun kafin azumi kaya sun samu masu shi.

Yarinyar tana zuwa sau ɗaya a wata, ranar Talata da safe. Ta zagaya, ta duba ɗaurin baki, ta duba ko akwai kashin ɓera, ta shafa buhunan, ta rubuta. Daga waje lafiya lau suke. Ba ta taɓa zuwa ranar Juma'a ba, ba ta taɓa haɗuwa da masu saye ba.

Cikin wata na uku aka aiko mini yayana ya rasu a arewa. Ni ne babba da ya rage, dole na zauna har sadakar arba'in da maganar gonaki. Na kulle sito, na bar makulli a hannun uwargidana. Na dawo saura kwana goma azumi, kuma ranar da muka sa da yarinyar za a buɗe buhunan ita ce washegari.

Da hantsi muka haɗu a bakin sito. Ita da ma'auninta da takardunta, Maame da mai keken kaya da ta ɗauko don kwasar nata, maƙwabcina kuma ya jawo benci ya ce ya zo bikin yaye ɗalibai. Na buɗe ƙofa.

Abin da ya fara dukana zafi ne, wani ɗumi mai nauyi da ban san sitona da shi ba. Sai ƙara. Wata 'yar ƙara ce ƙasa-ƙasa, ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan kwano, kuma daga cikin buhunan take fitowa. Duk wanda ya yi harkar wake ya san ƙarar nan. Na ɗora hannu a buhun farko, na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

Ban iya kwance ɗaurin ba. Yarinyar ce ta kwance, na waje, na biyu, na uku. Ƙwari suka taso mana a fuska. Na tura hannu ciki har gwiwar hannu, na ɗebo. Kowane ƙwayar wake da huji uku, huɗu, wani na matsa shi ya murƙushe ya zama gari. Ƙwari na bin yatsuna suna hawa hannun rigata.

"Innalillahi," in ji maƙwabcina. Ya miƙe daga bencin.

Muka buɗe na biyu. Haka. Na uku, na huɗu, na bakwai. Haka. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ni mutum ne da ba na ɗaga murya a kasuwa, amma ranar na ɗaga.

"Kin kashe ni! Shekara ashirin ƙwaro bai taɓa cin mini buhu biyar a lokaci ɗaya ba. Kin zo da takarda da leda kin gama da ni a wata huɗu!"

Fuskarta ta canza. Ta ce a juye mata buhu ɗaya a ƙasa. Ta zare ledar ciki, ta kakkaɓe, ta je bakin ƙofa ta ɗaga ta sama wajen haske. Duk muka gani. Ledar kamar rariya take, rana na shigowa ta huji fiye da ashirin.

"Ɓera ne?" in ji ta, kamar da kanta take magana. "A'a. Ɓera yagawa yake yi. Waɗannan duk girmansu ɗaya. Kuma na waje ba shi da komai. Baba, yaya za a yi ta ciki ta huje, na waje lafiya?"

Maame ta matso, ta sa yatsa a ɗaya daga cikin hujin.

"Wannan ai ƙarfe ne," ta ce, kamar mai faɗin farashin gishiri.

"Wane ƙarfe, Hajiya?"

"Ƙarfe mana. Na duba wake. Ke ba ki san ƙarfe ba?"

Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, inda yake kullum. Na tashi na ɗauko shi. Har a lokacin ban gama fahimta ba, so nake in nuna mata cewa wannan ba ya ɓata buhu. Na je wurin wani buhu na soka, wake da gari da ƙwari suka zubo hannuna, na zare, na goga bakin sau biyu, zaren ya haɗe.

"Kin gani? Ya rufe."

Ina faɗa ina jin maganar tana mutuwa a bakina. Zaren ya rufe. Leda ba ta da zare.

Na tsaya da ƙarfen a hannu, na dubi layin buhunan. Na tuna Juma'a takwas, sama da ƙasa da gefe. Na tuna ni da kaina nake miƙa wa mata shi ina murmushi. Kowace suka ƙofa ce na buɗe wa iska, na kuma share sawuna da kyau yadda ko mai binciken ba za ta gani ba.

Yarinyar ta zauna a kan katako, takardunta a cinya.

"Kowa haka yake yi?"

"Kowa," in ji maƙwabcina. "Daga nan har Yamai. Wa zai sayi hatsi bai soka ba?"

Ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce ba ni kaɗai ba ne, akwai wasu 'yan kasuwa da aka ba buhunan su ma nasu ya lalace, kuma ba wanda ya gane dalili. Har ta fara rubuta cewa wataƙila zafi da laimar bakin teku ne buhun ba ya jurewa. Manomi, in ji ta, shi ya shuka abinsa, ya san abin da ya zuba, ba ya buƙatar dubawa. Tambayoyin da ke takardarta duk na manomi ne, akwai ɓera, akwai ƙusa, akwai yara masu wasa. Babu ƙarfe.

"Da kin tambaye ni yadda muke sayarwa," na ce.

"Da na tambaya, Baba. Ban tambaya ba."

"Ni ma kin ce huji, na ce na ji."

Mai keken kaya ya leƙo ya tambaya ko ya tafi. Maame ta ce ya tsaya. Ta juyo gare ni.

"Alaji, na bayan can fa? Ni dai ban kai wurin ba. Ƙuguna bai bar ni ba."

Ni ma ban taɓa kaiwa ba. Sau da yawa na yi niyyar sa a janye na gaba in duba su, ƙyuya ta hana ni, har ina jin haushin kaina a kan haka. Muka kama aiki, ni da maƙwabcina da mai keken, muka janye layi biyu. Na dafa buhun farko na jikin bango. Sanyi ƙalau. Na kara kunne. Shiru.

Wannan karon ni na kwance. Da na buɗe ledar ciki sai ƙamshin wake ya fito, irin na ranar da aka casa shi. Na juye a tabarma, ya zubo da ƙarar nan mai kyau ta busasshen wake, fari, cikakke, ko huji ɗaya babu. A ƙasan ledar akwai 'yan matattun ƙwari da ba su cika tafin hannu ba. Muka buɗe sha takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, duk haka.

Wannan ya fi ruɓaɓɓen girgiza ni. Na yi shekara ashirin ban taɓa ganin wake ya yi wata huɗu a sitona a Ankara ya fito haka ba magani ba. Abin da yarinyar ta faɗa gaskiya ne tun ranar farko. Waɗanda na yi wa sakaci su ne suka tsira, waɗanda na kula da su duk mako su ne na kashe.

Maame ta cika hannu tana kallo. "Gomana a cikin waɗannan," ta ce.

"Biyar. Akwai wasu."

"Takwas. Ni ce na gano maka ƙarfe."

"Ke ce kika soka rabinsu."

"Kai ka ba ni."

Muka tsaya a bakwai.

Kafin yarinyar ta tafi na ba ta haƙuri a gaban mutanen da na yi mata ihu a gabansu. Ta roƙi in bar ta ta ɗauki hoton ƙarfen, na ce ta ɗauka. Sannan ta tambaye ni abin da ya fi muhimmanci, yaya za a sayar da buhun da ba a sukarsa. Na ce mata in ta je ta ce wa 'yan kasuwa su daina suka, dariya za su yi mata. Abin da zai yiwu shi ne ranar zubawa a kira manyan masu saye su gani da idonsu, a ɗebi olonka guda daga kowane buhu a ƙulla a 'yar leda a rataya a wuyansa. Ranar sayarwa kuma a kwance baki a juye a gaban mai saye, in bai yi daidai da na wuyan ba ya fasa. Ta tambayi Maame ko za ta yarda.

"A wurin Alaji zan yarda," in ji ta. "A wurin wani, sai na soka."

Yarinyar ta rubuta wannan ma.

Sati guda mata huɗu suka yi suna tankaɗe da tsince a bakin sito, ana shanya a rana. Buhu arba'in da biyu ne ƙarfe ya taɓa. Daga cikinsu aka fitar da abin da ya cika buhu goma sha uku, wanda masu ƙosai suka karɓa a ƙasa da farashi tunda niƙawa za su yi. Sauran na sayar wa masu kiwon tumaki kusan a kuɗin dusa. Arba'in na magani sun fita kamar kullum, da warinsu, na kuma sayar da su. Sha takwas na jikin bango sun ƙare a yini biyu, su ne kaɗai a duk shekarar da ba wanda ya nemi ragi a kansu.

Saba'in da ɗaya suka shiga tukunyar mutane, ashirin da tara suka tafi cikin tumaki. Ribar shekarar gaba ɗaya ta bi su, har da wani yanki na uwar kuɗi, kuma sai da na yi kaka biyu kafin na sake cika sito da buhu ɗari.